Gidan da ke sanyaya kansa: abin da ke tsakanin ginin ƙasa, bulo da zafin bazara

Duk wanda ya taɓa cin bazara a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ya san abin da ake nufi idan aka ce ɗaki ya ɗauki zafi. Watan Afrilu ne, ma'aunin zafi ya haura digiri 40 da rana. An yi isha'i tun ɗazu, amma ka dafa bango ka ji shi da ɗumi kamar gefen murhu, katifa ta gasu, yara sun kasa barci, an kwaso tabarmi zuwa tsakar gida. A unguwar nan dai, ka shiga wani tsohon zaure na ƙasa da azahar tsaka, sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwan randa. Rana ɗaya ce ke dukan gine-ginen biyu. Abin da ya raba su shi ne kayan da aka gina su da su, da kuma yadda aka tsara su.

Yawancin zafin da iyali za su sha a gida na shekaru talatin ko arba'in, an gama yanke hukuncinsa tun ranar da aka ja igiyar harsashi: ina ginin ya fuskanta, yaya kaurin bangonsa, me aka rufa a kansa, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna zuwa ne daga baya, su biya bashin kuskuren da aka yi tun farko. Bashin kuwa yana ƙara tsada. A Najeriya an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya gagari gidaje da yawa. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. A Nijar kuma, da aka katse layin wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, birane sun ga abin da ke faruwa da gidan da ba ya zaunuwa sai da lantarki. Saboda haka batun gini mai ɗorewa a ƙasashenmu batu ne na aljihu da na barcin dare.

Mu fara da rufi, domin shi ne ke karɓar kaso mafi girma na dukan rana. A wannan yanki namu rana tana bi ta tsakar ka, don haka da azahar rufi ne ke shan wuta, bango yana samun ɗan sauƙi. Kwano siriri ne, cikin ɗan lokaci ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa, sai ya riƙa watsa shi ƙasa. Idan an yi silin, iskar da ke tsakanin silin da kwano takan zama kamar cikin tanda, kuma a yawancin gidaje an toshe ta ko'ina, ba ta da mafita. Sannu a hankali silin ɗin ma ya ɗauka, ya sauke wa na cikin ɗaki. Rufin kankare yana jinkirta zafin, amma idan ba a yi masa inuwa ba, wuni yake yana tarawa, dare ya yi ya amayar a kan masu barci.

Maganin da mai zanen gini Diébédo Francis Kéré ya nuna a ƙauyensu Gando da ke Burkina Faso mai sauƙin fahimta ne. A makarantar firamaren da ya kammala a 2001, ya yi wa azuzuwa rufin tubali mai ƙananan kafofi, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafuna, ya bar sarari tsakanin su biyun, ya kuma faɗaɗa kwanon har ya zarce bango sosai. Kwanon ya zama laima kurum. Iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafin, iskar aji da ta ɗumama tana tashi ta fice ta kafofin, mai sanyi kuma tana shigowa ta tagogi. Bakin kwanon da ya zarce yana kare bango daga rana da feshin ruwan sama. Ginin ya samu kyautar zanen gini ta Aga Khan a 2004, shi kuwa Kéré ya karɓi babbar kyautar masu zanen gini ta Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne babu wani ɓangarensa da mai walda da maginin karkara ba za su iya yi ba. Ko wanda ya riga ya gina gidansa zai iya cin moriyar rabin dabarar: ya buɗe kafofi masu raga a ƙarƙashin bakin kwano da kuma can ƙololuwa don iskar silin ta samu hanya, ya kuma zaɓi kwano mai haske. Kwano baƙi ko ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu yana da kyan gani daga titi, amma ya fi kowanne shan zafi.

Sai bango, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Ana yawan cewa ginin ƙasa sanyi gare shi, kamar dai laka na ƙera sanyi. Abin da take yi shi ne jinkiri. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwa, kuma kafin zafin ya ratsa daga waje zuwa ciki an kwashe awoyi masu yawa. Idan kaurin ya isa, zafin azahar ba ya iso cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da waje ya yi sanyi, ana iya buɗe ƙofa da taga a kore shi. Da safe bangon ya huce, ya shirya wa sabon wuni. A lokacin hunturu kuma wannan jinkirin ne ke sa ɗakin ƙasa ya yi ɗumi da asuba. Bulon siminti mai rami, musamman mai inci shida da ake yawan amfani da shi don rage kuɗi, ba shi da nauyin da zai riƙe zafi haka. Kafin la'asar ya gama miƙa shi ciki.

Wannan dabara tana da sharaɗi, kuma wajibi ne a faɗe shi. Sai dare ya yi sanyi, sai kuma an bar iskar dare ta ratsa ɗakin. A tsakiyar bazara, gab da faɗuwar damina, akwai dararen da iska ke tsayawa cik, zafin bai sauka sosai ba. A irin wannan dare ɗakin ƙasa ma yakan ƙi kwanuwa. Kakanninmu sun san da haka, shi ya sa tsarin gidan Bahaushe bai dogara da ɗaki kaɗai ba: akwai zaure mai tsayin rufi don zaman rana, akwai rumfa, akwai bishiya, akwai tsakar gida ko saman soro don kwanan bazara. Mutum yana bin sanyi daga wuri zuwa wuri a cikin gidansa gwargwadon sa'a da lokacin shekara. Da muka koma cike fuloti kaf da ɗakuna, muka malale ɗan abin da ya rage da siminti, muka sare darbejiyar ƙofar gida don mota ta samu wurin tsayawa, wannan zaɓin ne muka rasa. Daɓen siminti a tsakar gida shi ma tara zafi yake yi wuni guda, ya sake shi da dare a daidai inda ake son shimfiɗa tabarma.

Fuskantar gini ba ta cin ko sisi, amma ita aka fi mantawa. Ranar safe tana dukan bangon gabas kai tsaye, ta la'asar tana dukan na yamma a lokacin da gari ya fi zafi, kuma da yake tana ƙasa-ƙasa a sa'o'in nan, bakin rufi ba ya iya tare ta. Bangon kudu da na arewa kuwa rana tana bi ta samansu, ɗan baranda ko faɗin bakin kwano ya isa ya yi musu inuwa. Don haka gini mai tsawo ya kamata ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagoginsa su kalli kudu da arewa, a ajiye bayi, sito ko matakala a ɓangaren yamma su zama garkuwa. Tsofaffin magina sun san wani abu kuma game da gabas: daga can hadari ke tasowa da iska, bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi suke fi ba wa yaɓe mai kyau. Taga kuma sai ta samu abokiyarta a bangon da ke kallonta kafin iska ta ratsa. Ɗaki mai taga ɗaya iska leƙowa kawai take yi. Ƙaramar kafa can kusa da rufi tana fitar da iskar zafi da ta taru a sama, ko da an rufe ƙofa saboda tsaro ko sauro.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ya nuna iyakar abin da tubali da azara za su iya: bakan gizo da ɗaurin guga, wato ginshiƙai masu lanƙwasa da ke haɗuwa a sama, sun ɗauki rufi mai faɗi da tsayi ba tare da rodi ko ɗaya ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, an fara gina ta a ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, tana nan tsaye. Alhaji Falke Barmu, magini daga Yama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962 da laka da itace, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Magina suna da makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓen da ruwa ba ya ci da wuri, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suna da indararo mai jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Kowanne amsa ce ga matsalar da suka gani da idonsu.

To me ya sa mutane suka guje shi? Masu kishin gargajiya sukan ce kwaikwayon Turawa ne da raina namu. Akwai wannan, amma ni ban yarda shi ne babban dalili ba. Mutane sun guji ginin ƙasa ne saboda ruwa. Wanda ya taɓa kwana a zaune cikin damina yana sauraron rufin soro yana ɗiga, yana tunanin ko bango zai kai safe, ba a buƙatar yi masa dogon bayani a kan dalilin sayen kwano. Yaɓen shekara-shekara yana son hannu da yawa, gayya kuma ta ja baya. Giginyar da ake fasa azara daga jikinta ta yi ƙaranci, ta yi tsada. Haɗarin kuma na gaske ne: a watan Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Duk damina gidajen ƙasa suna faɗuwa a kan masu su. Wanda zai yi kiran a koma ga ƙasa dole ya fara da amsa wannan.

Amsar tana da sassa uku, kuma duka an jarraba su. Na farko gindi: a yi harsashi da dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, a sa abin da zai hana danshi hawa bango. Yawancin bangayen ƙasa daga ƙasa suke mutuwa, inda ruwa ya jiƙa gindinsu ya cinye. Na biyu rufi mai faɗin baki. Na uku tubalin kansa. Akwai tubalin da ake matsewa da inji: a tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti kaɗan, abin da bai fi kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba, a ɗan jiƙa, a danne ta da ƙarfi a cikin injin da mutum biyu ko uku za su iya sarrafawa da hannu. Sai a rufe tubalan a bar su su yi ƙwari na kusan wata guda. Ba a gasa su, don haka ba a ƙone itace. Suna fitowa da kusurwa daidai, masu nauyi, ruwa ba ya narkar da su kamar tubalin hannu, kuma idan magini ya iya jeri ba sa buƙatar filasta. Sai dai ba kowace ƙasa ke yi ba. Mai yumɓu da yawa tana tsagewa, mai yashi da yawa tana marmashewa, dole a gwada kafin a fara. Wanda ya tsallake gwajin nan ya buga tubalin banza, shi ne ke ɓata wa dabarar suna.

A Nijar an ga abin da wannan tubali zai iya. A 2016 aka kammala rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000 a Yamai, aikin wasu masu zanen gini huɗu, cikinsu har da 'yar Nijar Mariam Issoufou Kamara. Gidajen masu bene ne, an matsa su kusa da juna suna yi wa juna inuwa kamar tsofaffin unguwannin birni, kowanne da tsakar gidansa da wurin shan iska da ido ba ya kaiwa. Sun amsa tambayar da ake yawan yi, wai ko ginin ƙasa zai yi wa ma'aikaci ɗan birni mai ƙaramin fili. Bayan shekara biyu, a 2018, ita da Yasaman Esmaili suka kammala aikin Hikma a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin na laka ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi da matsattsen tubali daga jar ƙasar yankin. Kankare bai wuce ginshiƙai da kan ƙofofi ba. An haƙa rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa yana tara ruwan damina don shayar da itatuwan harabar. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne an gayyato maginan da suka yi tsohon ginin suka shiga aikin, suka koyi sabon tubali, masu zanen kuma suka koyi abin da ke hannunsu.

A ɓangaren gine-ginen kasuwanci kuwa ɓarnar ta fi yawa, don nan ne gilashi ya samu gindin zama. Ka duba filazozin da ke tasowa a manyan titunan Kano, Kaduna da Abuja: fuska guda ta gilashi daga ƙasa har sama, sau da yawa tana kallon yamma. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya hana zafin fita, kamar motar da aka rufe a rana. An ƙirƙiro wannan salo ne a ƙasashen da ke marmarin rana. A nan, mai shago ne ke biyan kuɗinsa da man janareta, shi kuma ya ɗora wa mai saye. Mai ginin ya karɓi hayarsa ya tafi, kuma wannan rabuwar tsakanin wanda ya gina da wanda ke biyan kuɗin wuta ita ce ta sa kuskuren ke ta maimaituwa.

Akwai wata hanyar. Ginin Eastgate a Harare ta Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, shaguna ne da ofisoshi masu hawa da yawa, kuma ba a yi masa babbar na'urar sanyaya iska irin ta sauran manyan gine-gine ba. Da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi ta bi ta ramukan da ke cikin daɓen kankare ta sanyaya shi, da rana daɓen ya riƙa shan zafin ofisoshi, iskar da ta ɗumama ta fice ta bututun da ke saman rufi. Jinkirin nan ne dai na bangon zaure, aka yi shi da kankare da fanka. Harare tana kan tudu, darenta ya fi namu sanyi, don haka kwafar ginin kai tsaye a Sakkwato ba zai ba da sakamako iri ɗaya ba, amma inuwar tagogi da shan iskar dare suna aiki ko'ina. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kasuwar Dandaji, wadda ofishin Mariam ya zana: rumfuna na matsattsen tubali kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta, a sama kuma faya-fayan ƙarfe masu launi a tsayi daban-daban suna ba da inuwa kamar ganyen itace, iska na wucewa ta tsakaninsu.

Akwai kuma lissafin da ya wuce gida ɗaya. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, wadda ke ƙara ɗumamar yanayin da yankin Sahel ke cikin masu fi shan wahalarsa. Ga mai gini, lissafin da ya fi kusa shi ne farashin buhu, wanda ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Kuɗin siminti da rodi barin gari suke yi. Kuɗin tubalin ƙasa yawancinsa lada ne na masu haƙa, masu tankaɗe, masu bugawa da magina, a garin yake zama.

Ba zan ce ginin matsattsen tubali kullum ya fi araha ba. Inda babu inji a kusa, babu maginin da ya saba, mutum na farko da zai gwada yakan kashe abin da ya kai na bulo, wani lokaci ya fi. Ribarsa tana zuwa ne a shekarun zama cikin gidan. Kuma akwai cikas da ba na fasaha ba. Har yanzu idan aka ce wane ya rushe na ƙasa ya yi na bulo, yabo ne, alamar buɗi ce, dangin amarya ma suna dubawa. Masu ba da bashin gina gida da masu sa hannu a takardun izini sun fi sakin jiki da abin da suka saba gani. Yaran da ke koyon gini yau bulo suke koya, tsofaffin da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da magada ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya ta daɗe tana ƙera injinan buga irin wannan tubali, amma inji a harabar cibiya ba ya canja ra'ayin unguwa.

Abin da ke canja ra'ayi shi ne mutum ya shiga ginin da ƙafarsa a watan Afrilu. Shi ya sa nake ganin gine-ginen jama'a ne ya kamata su fara: azuzuwan firamare, asibitin sha-ka-tafi, masallacin unguwa, rumfunan kasuwa. Hukuma ko al'umma ce ke biya, dubban mutane ke shiga, kuma kowane aiki yana yaye magina goma ko ashirin da za su ɗauki sana'ar zuwa gidajen mutane. A Gando haka aka yi. Mutanen ƙauyen da suka taru suka gina makarantar farko sun ci gaba da gina gidajen malamai da ƙarin azuzuwa, wasunsu kuma suka zama maginan da ake ɗauka aiki a wasu garuruwan Burkina Faso.